Tarihin VPN: daga wasiƙar da ake ba direba zuwa ɗan makullin da ke saman portabul



Tambaya guda ce ke ta dawowa cikin saƙonnin da kuke aiko mana bayan shiri: wai in mutum ya kunna VPN, shi ke nan babu mai ganin abin da yake yi? Wani matashi ma har buro ya iske mu, ya nuna mana ɗan hoton makulli a saman portabul ɗinsa, ya ce: "Ni yanzu ko aljani bai san inda nike ba." Mun yi dariya, amma maganar ta tsaya mana a rai, don akwai waɗanda irin wannan sakankancewa ta kai su gaban alƙali, akwai kuma waɗanda ta kai bayanansu hannun ƴan kasuwar da ba su taɓa jin sunansu ba. Minti biyar na rediyo ba su isa amsa ba. Shi ya sa munka ce bari mu zauna mu rubuta, mu faro daga tushe.

Tushen kuwa ya girmi intanet. Ku tambayi iyayenmu yadda ake aika saƙo Abijan ko Legas ko Sabha a shekarun baya. Wanda bai iya boko ba sai ya je wurin mai rubuta wasiƙa, ko ya kira ɗan lakwal na maƙwabta, ya zayyana masa damuwarsa duka: bashin da ake bin sa, auren da ke tangal-tangal, gonar da yake son saidawa ba da sanin ƴan uwa ba. Kafin wasiƙar ta bar gari, mutum ɗaya ya riga ya san komai. Daga nan a liƙe ambulan a ba direba a tasha. Direba bai karanta abin da ke ciki ba, in mai amana ne, amma ya san wane ya aika ma wane, sau nawa cikin wata, kuma in ambulan ta yi kauri ya san kuɗi ne. Da kaset ya zo, mutane sunka ji daɗi, an huta da ɗan lakwal, sai dai kaset a tsakar gida ake kunna shi, kishiya na ji, maƙwabta na ji.

Ku riƙe wannan, don dukan labarin a kansa yake tafiya. Sirrin saƙo iri biyu ne. Akwai abin da ke cikin ambulan, akwai kuma abin da ke rubuce a bayanta: daga wa, zuwa ga wa, yaushe. Na farko ana iya kulle shi. Na biyun shi ne mai wuya, tunda dole wani ya san inda za a kai wasiƙa kafin ta isa.

Hukuma kuma tun can tana son leƙawa. Waɗanda sunka yi lise sun ji labarin wani buro a Faransa zamanin sarki Luwi na 15, wanda ake ce ma baƙin ɗaki, inda ma'aikata ke buɗe wasiƙun mutane a gidan waya, su kwafe, su sake liƙewa kamar ba a taɓa ba. Mu ma nan, dattawa suna ba da labarin zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da sunan Koordinasiyo kaɗai ke sa a sauya zance a majalisa.

Ita intanet, da anka haife ta, ko ambulan ba ta da shi. Ranar 29 ga Oktoba 1969 anka aika saƙon farko tsakanin kwamfutoci biyu a Kalifoniya ta Amurka, a kan wata hanya mai suna ARPANET da ma'aikatar tsaron ƙasar ta biya kuɗinta. Malaman jami'a ne da ɗalibansu, sun san juna, babu wanda ya yi tunanin ɓarawo. Saƙo yana bi ta kwamfuta zuwa kwamfuta a buɗe, kamar takardar da anka rubuta anka miƙa ba a ko ninke ba. Kwaɗon ya zo daga baya. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman sunka nuna yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya shirya makulli ɗaya tsakaninsu a bainar jama'a, kuma mai saurare ya kasa gane shi. Shekara guda bayan haka wasu uku a jami'ar MIT sunka fito da tsarin RSA. A 1991 wani Ba'amurke, Phil Zimmermann, ya saki manhajar PGP kyauta don kowa ya kulle wasiƙarsa ta imel. Gwamnatin Amurka a lokacin tana lissafa irin wannan kulle mai ƙarfi cikin kayan yaƙi, don haka anka buɗe masa bincike kamar mai fasa-ƙwaurin makamai. Shekara uku ana ja, har jami'ar MIT ta buga lissafin manhajar a matsayin littafi, tunda doka ba ta hana fitar da littafi ba. Farkon 1996 anka rufe binciken ba tare da an gurfanar da shi ba.

To ina VPN a nan? Abin da zai ba ku mamaki shi ne, ba don talaka mai son ɓuya anka ƙirƙiro shi ba. Don kamfanoni ne. A da, banki mai reshe a gari biyu sai ya ɗauki hayar layin waya nasa shi kaɗai, da tsadar gaske. Da intanet ta yaɗu sai anka ce: me zai hana mu bi ta hanyar kowa da kowa, amma mu shimfiɗa bututu namu a ciki, kullalle, daga buro zuwa buro? Ma'anar sunan ke nan, hanya ta keɓe wadda ba ta zahiri ba. A 1995 anka fitar da ƙa'idojin IPsec, a 1996 kuma Microsoft ta sa tsarin PPTP cikin Windows, aikin da ake danganta shi da injiniya Gurdeep Singh-Pall. Ma'aikaci yana otel a wata ƙasa, ya shiga kwamfutar buronsu kamar yana zaune kan kujerarsa. Wannan PPTP bai yi ƙarko ba: tun 1998 masana biyu, Bruce Schneier da wani da ake kira Mudge, sunka nuna ramukan da ke cikinsa, a 2012 kuma anka nuna ana iya fasa shi cikin kwana guda. A 2001 James Yonan ya rubuta OpenVPN ya bar lissafinsa a buɗe kowa ya duba, daga baya Jason Donenfeld ya kawo WireGuard, wanda ya shiga cikin Linux a 2020. Galibin aplikasiyon da ke cikin wayoyinku a kan waɗannan biyun suke tafiya, launi da suna ne kawai sunka bambanta.

Ga yadda abin ke aiki, a taƙaice. Ba tare da VPN ba, kamfanin da ya saida maka pis yana ganin kowane shafi da ka nufa, shafin kuma yana ganin adireshinka na IP, wanda ke nuna ƙasarka da kamfaninka. In ka kunna VPN, wayarka tana zuba komai cikin jaka ɗaya ta kulle, ta aika ma babbar kwamfutar kamfanin VPN, a ce a Holan ko Jamus. Can ake buɗe jakar a rarraba saƙonnin. Kamfanin waya na gida yanzu abin da ya sani shi ne kana aika jaka zuwa wuri kaza, da girmanta, da lokacin. Shafin da ka ziyarta kuma yana zaton daga Holan kake. Amma wanda ya buɗe jakar fa? Shi ya san adireshinka na gaskiya, ya san inda kowane saƙo ya nufa. Wato direba ka sauya. Da kana ba na tashar garinku wanda ka san gidansu, yanzu kana ba wani da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Wannan matsala an ga ƙarshenta tun kafin yawancinmu mu shiga lakwal, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. A 1993 wani mutumin Finlan, Johan Helsingius, ya kafa wata kwamfuta mai suna anon.penet.fi. Ka aika mata imel, ta cire sunanka, ta sa maka lamba, ta tura. In an ba da amsa ga lambar, ta dawo maka da ita. Mutane dubu ɗaruruwa sunka yi amfani da ita: masu ciwon da suke jin kunyar faɗi, matan da anka ci zarafinsu, ma'aikatan da ke son tona asirin shugabanninsu, da ƴan iska su ma, ba a rasa su. Shi mutumin kirki ne, bai saida kowa ba. Sai dai don amsa ta iya komawa ga mai ita, dole ya ajiye rajista: lamba kaza, ta wane ce. A watan Fabrairun 1995 cocin Scientology ta Amurka ta yi ƙarar cewa wani ya fitar da takardunta ta wannan hanya. Ƴan sandan Finlan sunka zo da takardar kotu. Zaɓi biyu ne gabansa: ya ba da suna ɗaya, ko su ɗauke kwamfutar da rajistar kowa da kowa. Ya ba da ɗayan. Da anka sake dawo masa a 1996, ya ga cewa alkawarin da ya yi ma mutane ya fi ƙarfinsa, sai ya rufe abin baki ɗaya. Mu a ganinmu duk mai son fahimtar VPN ya fara da wannan mutum. Gaskiyarsa ba ta hana komai ba, tunda rajistar tana nan kuma an san ƙofar gidansa.

Masana sun riga sun hango haka. Tun 1981 David Chaum ya rubuta cewa maganin shi ne kada a dogara da direba ɗaya. Waɗanda sunka mai da wannan tunani aiki kuwa, ku ji da kyau, ma'aikatan cibiyar binciken sojan ruwan Amurka ne: Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag, wajen 1995. Sunka kira shi hanyar albasa. Mu mutanen ƙasar Galmi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ana naɗe saƙo cikin ɓawo uku. Direba na farko ya ɓare na waje, ya ga sunan direba na biyu kawai. Ya san ka, bai san inda saƙon za shi ba. Na biyu bai san ka ba, bai san ƙarshen tafiya ba. Na uku ya san inda za a kai, bai san daga wa ya fito ba. Babu ɗayansu da ke riƙe da rajista cikakkiya da za a zo a karɓa.

Me ya sa soja za su ba duniya irin wannan kyauta? Ba don Allah ba ne. In jami'an leƙen asirin Amurka kaɗai ke bin hanyar, duk wanda anka gani a kanta an san ko wane ne. Mai son ɓuya kasuwa yake shiga ranar da ta cika. Don haka anka buɗe ta ga kowa: a 2002 Roger Dingledine da Nick Mathewson tare da Syverson sunka tayar da Tor, a 2006 ta zama ƙungiya mai zaman kanta, ko da yake shekaru da dama kaso mai yawa na kuɗinta daga gwamnatin Amurka yake fitowa. Dubban kwamfutocin ƴan sa-kai ne ke aikin direbobin. Ƴan jarida na bin ta, masu tona asiri na bin ta, BBC ma ta buɗe shafinta a can a 2019 saboda ƙasashen da anka toshe ta. Masu saida ƙwaya su ma na bin ta.

Kuma ko Tor ba laya ba ce. A Disamban 2013 wani ɗalibi a jami'ar Harvard da bai shirya ma jarrabawa ba ya aika saƙon ƙarya cewa an dasa bam, ta hanyar Tor. Ba a fasa Tor ba. An duba ne kawai su wa sunka shiga Tor da wifi na jami'ar a wannan sa'a, sai ga sunansa, da anka tambaye shi ya amsa. Shi ma Ross Ulbricht, mai kasuwar ƙwayoyi ta Silk Road da anka kama cikin wani ɗakin karatu a San Faransisko a Oktoban 2013, wani tsohon rubutu ne ya tona shi, inda ya sa adireshinsa na Gmail mai ɗauke da sunansa. Ku auna wannan da ƙaramin gari irin namu: in kai kaɗai ne ke shiga Tor a unguwa, rawaninka ya fi na kowa tsawo.

A wannan shekara ta 2013 ne Edward Snowden ya fito da takardun da sunka nuna yawan abin da hukumar NSA ta Amurka ke kwasa na bayanan mutane. Abin da ya biyo baya ya shafe mu kai tsaye, ko da ba mu lura ba. Shafuka sunka koma HTTPS, wato kowane shafi da kwaɗonsa, kuma a Afrilun 2016 WhatsApp ya gama kulle saƙonni daga waya zuwa waya. Ma'ana, abin da ke cikin ambulan yau a kulle yake ko da VPN ko babu. Abin da VPN ke ƙara maka shi ne ɓoye bayan ambulan daga kamfanin waya da mai wifi, da kuma sauya ƙasar da ake zaton kana ciki. Yana da amfani, amma bai kai yadda masu talla ke kururutawa ba.

Mu nan ba neman sirri ya koya mana VPN ba, toshewa ce. Celtel ta fara aiki a ƙasar nan a 2001, munka yi zamanin telesantar da sibar kafe inda ake biyan awa, kowa na ganin allon kowa, kuma rabin mutane su tashi ba su rufe akwatinsu ba. Babu mai zancen VPN sai ƴan banki da ma'aikatan ƙungiyoyi. Sai Masar ta yanke intanet kusan kwana 5 a ƙarshen Janairun 2011, gwamnatocin Afirka sunka ga ashe ana iyawa. A Janairun 2015, bayan tarzomar Damagaram da Yamai kan zanen jaridar Charlie Hebdo, anka rufe mana shafukan sada zumunta da SMS na ɗan lokaci. Kamaru ta yanke ma yankunanta masu Turancin Ingilishi fiye da wata 3 a 2017. Cadi ta toshe WhatsApp da Facebook wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, har ƴan Njamena sunka saba da VPN kamar yadda anka saba da caja, suna kuma kukan yadda forfe ke saurin ƙarewa. Yuganda ta bi ta wata hanya, ta sa harajin shilin 200 a kowace rana kan shiga shafukan a 2018, jama'a sunka zagaye ta da VPN. A Najeriya kuwa, ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnati ta sanar da dakatar da Twitter bayan an goge wani rubutun shugaba Buhari, kuma a kan Twitter ɗin ta sanar. Kwana 222 anka yi. Ƴan Kano da Legas sunka ci gaba da rubutu ta VPN, har zantukan Najeriya sunka riƙa fitowa cikin jerin abin da ake yayi a ƙasashen da sunka ara. Kotun CEDEAO ta ce wannan dakatarwa ta saɓa ma doka a 2022, kamar yadda ta faɗa ma Togo a 2020.

Amma mu ƴan Nijar mun koyi wani darasi. Bayan zagaye na biyu na zaɓen 21 ga Fabrairun 2021, daga ranar 24 ga wata har 5 ga Maris, intanet ta wayar hannu ce anka ɗauke gaba ɗaya. Kun tuna. Matasa na ta aika ma juna aplikasiyon ta Bluetooth da Xender, wannan ya ce nasa ya fi ƙarfi, wancan ya ce sai na kuɗi, makulli na ta juyawa bai kama ba. Ai ba zai kama ba. VPN zagaye shinge yake yi in an tare ƙofa ɗaya. In hanyar ce anka ɗauke, babu abin zagayawa. Waɗanda sunka samu shiga a kwanakin nan su ne masu wifi na layin ƙasa a buro da otel, shi ya sa kunka ga mutane tsaye jikin katangar wasu gine-gine da dare. Masu saida kaya ta WhatsApp da masu jiran saƙo daga ƴaƴansu na waje su sunka fi ji a jika. Haka ƴan uwanmu na Zamfara sunka gani a Satumban wannan shekara, da anka kashe rezo ɗungurungum saboda ƴan bindiga.

Daga waɗannan kwanaki ne wayoyinmu sunka cika da VPN na kyauta, kuma nan ne inda muke son ku buɗe kunne. Kwamfutoci a Holan da Jamus kuɗi suke ci kowane wata. In ba ka biya ko dala ba, wa ke biya? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A 2015 anka gano cewa Hola, mai miliyoyin masu amfani, tana saida layin mutanenta ga wasu ta wani kamfani nata mai suna Luminati, wato wani can yana yawo da adireshinka, in ya yi ɓarna kai za a gani. Facebook ya sayi wani kamfanin Isra'ila mai suna Onavo a 2013, yana raba VPN ɗinsa kyauta da sunan kariya, alhali yana amfani da shi ya ga waɗanne aplikasiyon mutane ke buɗewa da tsawon lokacin da suke yi a ciki, don ya san abokan gogayyarsa. Apple ya sa an cire shi daga kantinsa a 2018, a 2019 anka rufe shi. A 2016 masu bincike na cibiyar CSIRO ta Ostareliya da abokan aikinsu sunka gwada VPN 283 na Android: kashi 38 cikin ɗari na ɗauke da alamun manhajar cuta, kashi 18 kuma ba su kulle komai, hoton makullin ne kawai. A Yulin 2020 anka iske rajistar wasu VPN bakwai na Hong Kong zube a intanet ba kwaɗo, da adireshin mutane da shafukan da sunka shiga, dukansu kuwa suna tallar cewa ba su ajiye rajista.

Na kuɗin ma ba a rantse a kansu. A 2011 kamfanin HideMyAss na Ingila ya miƙa rajistar wani da ake zargi da kutsen Sony da kotu ta nema. Ba mu ce ya yi laifi ba, doka ya bi, kamar dai mutumin Finlan. Abin da muke cewa shi ne kowane kamfani yana zaune a wata ƙasa, ƙarƙashin wani alƙali. Waɗanda sunka fi dama su ne masu faɗin sunansu da ƙasarsu a fili, masu barin wasu masana na waje su binciki kwamfutocinsu su buga sakamako, masu kuma bayyana inda kuɗinsu ke fitowa.

Kada kuma ku ɗauka talaka kaɗai ake yi ma wannan. Kamfanin Crypto AG na Suwizalan ya shekara da shekaru yana saida ma ƙasashe fiye da 120 injinan kulle saƙon gwamnati da na soja. A Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus sunka tabbatar cewa tun 1970 CIA da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma ne masu kamfanin a ɓoye. Shugabanni na biyan miliyoyi suna sayen kwaɗon da wani ke riƙe da makullinsa na biyu. Manyan masu safarar ƙwaya su ma sun sayi wayoyin ANOM da anka ce babu mai iya karantawa, ashe FBI ce ke tafiyar da su. A Yunin 2021 anka kama fiye da mutum 800 a ƙasashe daban-daban.

Shi kuwa shafin ɓoye na cikin Chrome, mai hoton hula da tabarau, ba ma sai mun daɗe ba. Safari ya fara kawo irinsa a 2005, Chrome a 2008. Aikinsa kawai kada wayar ta ajiye tarihin inda ka shiga, saboda mai ɗaukar ta bayanka. Kamfanin waya na gani, shafin na gani. Google kansa an kai shi kotu a 2020 kan haka, a 2024 ya yarda zai goge biliyoyin bayanan da ya tara.

Mu dawo gida. Pis ɗinka da katin ɗan ƙasa anka yi masa rajista. Kun tuna ƙarshen 2013 da anka rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar nan saboda rashin rajista. WhatsApp ɗinka a kan wannan lamba yake. Facebook ɗinka da sunanka da hoton ranar salla. Eriyar rezo ta san unguwar da ka kwana, don in ba ta sani ba kira ba zai same ka ba. VPN bai taɓa ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ta fuskar doka, muna da ta kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, abin da mutane kaɗan sunka san suna iya kai kuka wurinta. Muna da dokar 2020 da ta ba hukuma damar sauraren sadarwa saboda tsaro. Muna kuma da dokar laifukan intanet ta Yulin 2019, wadda anka sassauta a 2022 anka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, sannan a Yunin 2024 anka mai da ɗaurin. A 2020, lokacin korona, ƙungiyar Amnesty ta lissafa mutanen da anka kama nan ƙasar saboda abin da sunka faɗa ko sunka tura a WhatsApp. A irin waɗannan shari'o'i, abin da ake ajiyewa gaban alƙali galibi vokal ne da muryar mai shi, ko hoton allo da wani ɗan gurup ya ɗauka ya tura gaba. Gurup mai mutum ɗari biyu tsakar gida ce da kaset ke kunne. Baki shi ke yanka wuya, in ji Hausawa, kuma babu kwamfutar Holan da ke sauya murya.

Saura kuma waɗanda muke miƙa ma wayar da hannunmu: mai caji a bakin kasuwa, mai gyara da ke cewa a ba shi kod don ya gwada allo, yaron da ke buɗe ma tsofaffi akawun ya riƙe kalmar sirrin a kansa. Ɗan lakwal mai rubuta wasiƙa bai tafi ko'ina ba, teburi ya samu da laima.

Shi matashin da ya zo buro, mun zauna da shi munka buɗe bayanin aplikasiyon ɗin nasa tare. Babu sunan kamfani sai adireshin imel guda, babu ƙasa, kuma cikin izinin da ya ba shi tun ranar farko har da ganin lambobin da ke wayarsa da wurin da yake. Ya ce wani abokinsa ne ya tura masa tun kwanakin Fabrairun 2021, bai taɓa kashe shi ba. Ya goge shi nan take, sannan ya tambaye mu wanne zai sa a madadinsa. Munka tambaye shi wa yake son ɓoye ma, mai wifi, ko kamfanin waya, ko matarsa, ko hukuma, don kowanne da nasa magani. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani ya dawo. Har yau muna jiran sa.